Digiri na biyu a Birtaniya, ko aikin yayata bikin littattafai?

Yaya, ina gaisuwa. Shekarata 25. Adabi na karanta a jami'a, kuma tun ina aji uku nake taimaka wa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da wasu masu zane biyu wajen sanar da jama'a ayyukansu. Ni nake rubuta sanarwa, ni nake kiran 'yan jarida, ni nake kula da shafukansu na sada zumunta. Ba a biyana sai jefi-jefi, amma na gane wannan ce sana'ar da raina yake so. Yanzu wata jami'a a Birtaniya ta ba ni gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin gudanar da harkokin fasaha, sai dai babu tallafi, dole a ci bashi mai nauyi. Ana cikin haka sai wani bikin littattafai ya yi mini tayin zama mataimakiyar jami'in hulɗa da 'yan jarida, da ɗan albashi. Mahaifina ya ce in dai bashi za a ci, gara in karanta abin da ake samun aiki da shi. Ƙawayena kuma sun ce wanda bai fita waje ba, ba a ganinsa da gashi a wannan harka. Ina tsoron in ƙi tafiya, damar ta wuce ke nan. Yaya zan yi?

Ƙanwata, na amsa gaisuwa. Ki karɓi aikin, kada a ci bashin, ki rubuta wa jami'ar ki roƙi ta ɗage miki gurbin zuwa baɗi. Fita waje ina goyon bayanta ƙwarai, ina ma so ki fita. Amma ba bana ba, kuma ba da kuɗin da zai hana mahaifinki barci ba.

Bari mu fara da ainihin abin da ake biyan mutum dominsa a wannan aiki, don shi zai nuna miki inda ya kamata ki zuba shekarunki. Mai talla yana sayen fili a jarida ko minti a rediyo ya faɗi abin da ya ga dama. Ke ba ki sayen komai. Aikinki ki sa edita, da kansa kuma a kyauta, ya ga cewa wannan littafi ko wannan baje kolin zane ya cancanci shafinsa. Saƙonnin da ke shigo masa a rana sun fi ƙarfin karatunsa, don haka na mutanen da ya sani yake fara buɗewa, waɗanda ba su taɓa ce masa abu ya yi kyau ya je ya tarar da shirme ba. Jarin mai wannan sana'a ke nan: ido mai gane aiki nagari, da amanar da 'yan jarida suka ba shi. Idon ana iya wasa shi a aji. Amanar kuwa babu jami'ar da ke raba ta, sai an yi hulɗa an ga juna shekara da shekaru.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a jin daɗin koyar da su a lacca, alhali su ne aikin. Mujallar wata-wata tana rufe shafukanta wata uku ko huɗu kafin ta fito, don haka in bikinku a watan Nuwamba yake, tun Yuli ya kamata editanta ya ji daga gare ki. Shafin al'adu na ƙarshen mako yana son makonni. Shirin safe na rediyo yana iya ɗaukar baƙo cikin kwana biyu, amma yana son wanda zai iya magana a minti biyar ba tare da ya ɓata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowace kafa da tata ranar. Hoto sai ya kasance mai girman da za a iya bugawa, da sunan mai ɗaukarsa, da izininsa a rubuce. Wani labarin za ki ba 'yan jarida da sharaɗin kada ya fita kafin rana kaza da ƙarfe kaza, kuma dole ki san wanda zai riƙe alkawari. Wani kuma mutum ɗaya za ki ba shi kaɗai don ya yi masa babban fili, ki shirya wa fushin sauran. In mai sharhi ya caccaki aikin marubucinku, ba za ki kira shi ki yi faɗa ba, ra'ayinsa ne. In ya yi kuskuren suna ko shekara, sai ki nemi gyara cikin ladabi. Ga marubucin da ya iya alƙalami amma yana ganin makirufo sai bakinsa ya mutu, ke za ki zauna da shi tun da dare ki yi masa tambayoyin da za a yi masa gobe.

Bikin littattafai makaranta ce babba ga duk wannan, shi ya sa na ɗauki tayin da aka yi miki da daraja fiye da yadda kika ɗauke shi. Cikin 'yan kwanaki za ki riƙe marubuta da yawa, kowa da halinsa. Jirgin wani zai makara, a sauya jadawali, gidan talabijin ya iso babu wanda zai yi hira da shi, ke za a duba. Bayan biki biyu za ki san sunan kowane ɗan jarida da ke rubutu kan al'adu a inda kike, ki san wanda ke karanta littafi kafin hira da wanda bayan bango kawai yake dubawa. Kuma biyanki za a yi kina koyo, maimakon ke ki biya.

Kada wannan ya sa ki raina karatun da kika yi. Adabin da kika karanta shi ne ya sa za ki iya gama labari mai shafi 300 ki fito da zaren da zai kama mai karatu cikin jimla biyu. Wanda bai saba zama da rubutu ba, sanarwarsa takan cika da "gagarumi" da "wanda ba a taɓa ganin irinsa ba", kalmomin da edita ke gani ya wuce. Abin da za ki yaƙa a jikinki shi ne salon takardar jarrabawa, inda ake jan gabatarwa kafin a zo ga magana. A sanarwar manema labarai, wane ne, me ya yi, ina, yaushe, duk a sakin layi na farko suke, saboda mai yiwuwa ba a karanta na biyu ba.

Shi kuwa digirin da aka ba ki, ki buɗe jerin darussansa ki duba da kyau. Irin waɗannan kwasa-kwasai sukan koyar da kasafin kuɗi, neman tallafi, manufofin gwamnati kan al'adu, binciken masu kallo, da dokar haƙƙin mallaka. Ilimi ne mai amfani, musamman ga wanda yake hangen shugabancin gidan tarihi ko dandalin wasanni wata rana. Amma hulɗa da 'yan jarida sau da yawa darasi ɗaya ne a ciki, wani lokaci ma na zaɓi. Ga shi digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya zango biyu ne na zama a aji, daga ƙarshen Satumba zuwa wajen Afrilu, sauran watannin na rubuta kundi ne. Wanda ya shiga da shekara biyu na aiki a hannunsa yana da tambayoyin da zai yi wa malami, ya san abin da ya gagare shi a fili. Wanda ya shiga daga aji zuwa aji, rubutawa kawai zai yi ya haddace.

Tarihin sana'ar kansa yana nuna cewa ba ƙofa ɗaya ake shiga ba. Edward Bernays, wanda ake kira uban hulɗa da jama'a a Amurka, aikin gona ya karanta a jami'ar Cornell, ya gama a 1912. Da yayata wasan kwaikwayo ya fara, sannan rangadin da ƙungiyar rawa ta Ballets Russes ta yi a Amurka a 1916, da mawaƙin nan Enrico Caruso. Sai a 1923 ya koyar da darasin a jami'ar New York, bayan ya riga ya iya aikin. Ba ina nuna miki shi a matsayin abin koyi a komai ba, domin shi ne a 1929 ya shirya wa kamfanin taba dabarar jawo mata su sha sigari a bainar jama'a da sunan 'yanci. Wannan ma darasi ne: hannun da ya iya cika zauren wasa ya iya sayar da guba, sai mai shi ya zaɓa.

Kusa da zamaninmu, dubi mata uku da suka buɗe wa fasahar Afirka ƙofofi. Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, harkar banki da kasuwanci ta karanta a Suwizalan. Ta koma Dakar, ta kafa cibiyar RAW Material Company a 2008, ta shugabanci gidan adana zane na Zeitz MOCAA a Cape Town daga 2019, kuma ita ce mace ta farko daga Afirka da aka naɗa ta tsara babban baje kolin fasaha na 2026 a birnin Benis na Italiya, kafin rasuwarta a Mayun 2025. Touria El Glaoui 'yar Maroko ta yi aikin banki da na kamfanin sadarwa kafin ta kafa kasuwar zane ta 1-54 a Landan a 2013. Bisi Silva kuwa ta bi hanyar da kike tunani: ta yi digiri na biyu a Royal College of Art a Landan, ta gama a 1996, ta yi aiki, ta koma Legas ta kafa cibiyar fasahar zamani a 2007, da ɗakin karatu da matasa da yawa suka tashi a cikinsa. Su ba jami'an hulɗa da 'yan jarida ba ne, masu tsara baje koli ne da masu kafa cibiyoyi, kuma shi ya sa kika iya sanin sunayensu. Mai irin aikinki in ya yi da kyau sunan wani ne ke fita, ki shirya wa wannan tun yanzu. Abin da na so ki gani a rayuwarsu shi ne dukkansu zaman waje ya amfane su, amma abin da ya sa aka san su shi ne aikin da suka gina da jama'ar da suka tara, ba sunan kwas ɗin da suka yi ba.

Ƙawayenki ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai masu ɗaukar aiki da ke miƙewa tsaye in sun ga sunan jami'ar Turai a takarda, ko da mai takardar bai iya rubuta sakin layi ba. Abin yana ba ni haushi, amma yana nan. Kuma bayan wannan, fita tana da fa'ida ta gaske, wadda gani ne kawai ke ba da ita. A Edinbura ta Sikotilan, kowane watan Agusta ana yin bikin Fringe, wanda ya samo asali a 1947 lokacin da ƙungiyoyin wasa takwas suka zo ba tare da gayyata ba suka yi nasu a gefe. Har yau babu kwamitin tantancewa, duk wanda ya samu wuri ya yi wasansa, kuma wasannin sukan haura 3,000 cikin mako uku. Ki yi tunanin yadda ake neman hankalin mai sharhi ɗaya a cikin wannan cunkoso. 'Yan wasa na tsaye a titin Royal Mile suna raba takardu hannu da hannu, jami'an hulɗa na bin 'yan jarida tun watanni kafin a fara, kuma sharhi ɗaya mai kyau a makon farko yana iya cika zaure har ƙarshe. Wata ɗaya a ofishin 'yan jarida na ɗaya daga cikin dandalolin nan zai canza miki yadda kike kallon aikin. A Benis, inda ake baje koli tun 1895, kwanakin da ake ware wa 'yan jarida da ƙwararru kafin a buɗe wa jama'a su ne ke yanke abin da duniya za ta ji. A kasuwar littattafai ta Frankfurt kowane Oktoba za ki ga yadda ake soma kururuta littafi tun ba a buga shi ba.

Kuma waje ba Turai kaɗai ba ce. Bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu yana nan tun 1969, akwai baje kolin Dak'Art a Dakar, akwai taron masu ɗaukar hoto na Bamako tun 1994. 'Yan jaridar duniya masu bibiyar fasahar Afirka a waɗannan wurare suke taruwa, kuma ya fi sauƙi ki zauna ki yi hira da su a can fiye da ki same su a ofisoshinsu na Landan ko Paris. Zuwa irin waɗannan na mako ɗaya ko biyu, da takardar ma'aikaciyar biki a hannunki, ba ya bukatar bashin shekaru. In kin iya, ki fara koyon Faransanci tun yanzu, zai buɗe miki rabin nahiyar.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mai shirin tafiya ba. Sanayya ba ta bin mutum cikin jirgi. Editocin da kika sani a gida ba su da amfani a Landan, kuma waɗanda za ki sani a Landan ba za su cika miki zaure a gida ba. Kafin ki dawo wasu sun canza aiki, wasu shirye-shiryen sun mutu, sababbi sun taso. Wanda ya tafi da tushe mai ƙarfi yana dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ke naki tushen yanzu yake kamawa.

Sai dokokin biza, waɗanda su ne ke rusa lissafin "zan yi aiki a can in biya bashin". Bizar ɗalibi a Birtaniya tana ba mai karatun digiri damar aikin awa 20 a mako lokacin zango, kuma ta hana aikin kai, wato ba za ki iya karɓar mawaƙi ko mai zane a matsayin abokin cinikinki ki yayata shi a biya ki ba, alhali ta haka yawancin masu wannan sana'a suke farawa. Bayan gamawa akwai bizar da ke barin mutum ya zauna ya yi aiki na shekara 2, kuma a 2025 gwamnati ta bayyana shirin rage ta zuwa wata 18. Daga nan sai kin samu ma'aikatar da za ta tsaya miki, da albashin da ya kai mizanin da aka gindaya. A Afrilun 2024 an ɗaga wannan mizani zuwa fam 38,700 a shekara ga yawancin masu nema, an kuma ƙara shi bayan nan. Akwai rangwame ga sababbin masu digiri, amma ko da shi, ƙananan ayyuka a gidajen wasa da gidajen buga littattafai ba su cika kai wa can ba. Mafi kusa shi ne ki dawo da bashin kuɗin waje ki riƙa biyansa da albashin harkar fasaha. Na ga yadda wannan ke ƙarewa: mutum ya bar sana'ar da ya ci bashin dominta, ya koma duk inda aka fi biya. Ba na so miki haka.

Aikin da aka yi miki tayi shi ne kuma hanyar tafiya ba da kuɗinku ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman aƙalla shekara 2 na aiki, wato awa 2,800, da alkawarin komawa gida na shekara 2 bayan gamawa. Galibi a watan Agusta ake buɗe nema. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana da kwasa-kwasan da ake yi a ƙasashe biyu ko fiye, da tallafi ga waɗanda aka zaɓa. Gasar tana da zafi, ba zan ce miki tabbas za ki samu ba. Amma mai nema da ta rubuta cewa ta riƙe 'yan jarida a biki biyu, ga abin da ta cim ma, ga gibin da take so karatu ya cike mata, ta yi wa mai cewa "ina sha'awar fasaha" nisa.

Game da mahaifinki, a kan bashi gaskiyarsa ce, ki fara gaya masa haka da bakinki, za ki ga yadda sauran maganar za ta yi sauƙi. Inda bai gani ba shi ne sana'ar tana da faɗi. Wanda ya iya rubuta sanarwa, ya iya tsayawa gaban 'yan jarida ranar da abu ya lalace, ana nemansa a gidajen buga littattafai, jami'o'i, gidajen tarihi, ƙungiyoyin agaji da kamfanoni. Kada ki tsaya gardamar darajar fasaha da shi. Ki kai masa takardar ɗaukar aikin, ki nuna masa tsarinki da watanni: yaushe za ki nemi tallafi, me za ki yi in ba a samu ba. Uba da ya ga 'yarsa ta ƙi jefa shi cikin bashi da kanta yakan saurari abin da za ta faɗa bayan nan.

In kin shiga aikin, ki nemi a rubuta miki ayyukanki da albashinki da wanda za ki riƙa amsa wa, domin a ƙananan bukukuwa mataimakiya takan wayi gari ita ce mai ɗauko baƙi, ita ce mai sayar da tikiti. Ki buɗe fayil ki riƙa adana kowace sanarwa da kika rubuta da labarin da ta haifar, kuma ki lura da wace hira ce ta sa mutane suka zo, ba yawan ambato kawai ba. Kada ki taɓa biyan ɗan jarida don ya yabi aiki, ko da kin ga ana yi. Ranar da aka san kina biya, yabon da kika samu da guminki ma ya zama abin zargi. 'Yan ƙungiyar wasan da masu zanen nan biyu kuma kada ki yar da su, amma lokaci ya yi da za ku yanke kuɗi, ko kaɗan ne, a rubuce.

Wasiƙar jami'a ki aika da ita cikin makon nan. Ki tambaye su ko suna ɗage gurbi na shekara ɗaya, ko sai an biya kafin alƙalami, ko ana mayar da shi in ba a je ba, da kuma tallafin da sashen yake da shi ga ɗaliban ƙasashen waje da ranar rufe nemansa. Kada ki biya ko kwabo sai amsar ta zo a rubuce. In sun ce ba sa ɗagewa, ki gode musu ki sake nema lokacin da kika shirya, tare da wasu jami'o'i biyu, domin Chevening ma kwas uku take so mai nema ya zaɓa. Kafin nan ki nemi mutum biyu da suka gama wannan kwas ɗin shekara uku da suka wuce, ki tambaye su aikin da suke yi yanzu.